But ɗin shamwa da ɗan yayata mai neman lada

Ruwan sama ba ya yawan zuwa Jidda, amma in ya tashi zuwa tsakanin Nuwamba da Janairu sai ya biya bashin shekara. Wanda ya ga ambaliyar 2009 ya san zancen. Ni dai ɗan ƙaramin ruwa ne ya ritsa da ni a unguwar Bab Makka, ina sanye da but ɗina na shamwa, fatar nan mai laushi da gashi-gashi. Na iso gida taɓo har idon sawu, ga ɗigon man mandi, shinkafa da naman nan ta Larabawa, a kan na dama, tsarabar walima.

Da gangan na ajiye su a bakin ƙofa, domin taɓo a kan shamwa barinsa ake yi ya bushe. In ka goga da danshi, cusa shi kake yi cikin fatar. Ɗan yayata kuwa sai ya hango aikin lada. Kafin in tashi daga barcin rana ya tsoma na hagu a bokitin omo, ya dirje da soso, ya haye saman bene ya shanya a rana.

"Kawu, na gama da ɗaya. Ɗayan sai bayan la'asar."

Allah Ya saka wa ladanin masallaci da alheri, kiran sallarsa ne ya ceci na dama. Na hagun ya bushe ƙamas kamar ganda, hanci ya ɗaga sama. Omo yana kwashe man da ke sa fata laushi, zafin rana kuma ya ƙanƙance ta.

Na dama na cusa masa farar takarda, ban da jarida saboda tawada tana zuba, na bar shi a inuwa gaban fanka ya kwana. Da safe na buga shi taɓon ya zube, na bi da tsohon buroshin haƙori ina sharewa ta ɓangare ɗaya. Wuraren da suka yi sheƙi na murza da farin abin goge fensir. Man mandi na lulluɓe shi da sitacin masara, kamar cokali ɗaya, ya sake kwana, na kakkaɓe. Sitacin ne ke tsotse man, ruwa kuwa baza shi yake yi. Farin layin da ruwa ya bari a gefe na bi da farin khal, wato binega, da ruwa, rabi da rabi, a tsumma mai ɗan danshi. Dannawa ake yi, ba dirza ba, kuma a bi dukan gefen har ɗinki, in ba haka ba ka kori layi ɗaya ka zana sabo.

Maƙwabcinmu ya leƙo ya ce in shafa wa na hagun Kiwi kowa ya huta. Na ce, "Alhaji, wannan na fata mai santsi ne." Kakin da ke ciki yana kwantar da gashin shamwa ya manne, kuma ba ya fita. Sai na kara na hagun a tururin buta daga nesa, kamar taƙi ɗaya, na 'yan daƙiƙu, ina lanƙwasa shi da hannu ina taje gashin. Ya ɗan dawo hayyacinsa, sai dai ya fi ɗan'uwansa haske.

Duka biyun na fesa musu maganin hana shan ruwa daga nisan santimita 20 zuwa 30, sama-sama sau biyu, na farko ya bushe kafin na biyu. Ban sa su a leda ba, danshin Jidda fumfuna yake jawo musu.

Yaron ya tsaya yana kallon na hagun, ya ce, "Kawu, ka ga nawa ya fi fita." Sannan ya nemi riyal biyar, kuɗin omo.