A Ingila sayen gida ake yi, a Gombe gina shi ake yi

Ranar da na zauna gaban lauyar da ke haɗa mana takardun sayen gida a Bradford, tambayarta ta farko ita ce ko na taɓa mallakar gida a ko'ina a duniya. Na ce a'a da ƙarfina. Sai ta ce har da na gado fa. Nan jikina ya yi sanyi, don ina da kaso a gidan mahaifinmu da ke unguwar Jekadafari a Gombe, Allah ya jiƙansa, kason da ko ɗaki guda bai cika ba tunda mu goma sha ɗaya ne. A dokar nan, wannan ɗan rabon ya isa ya cire ni daga sahun masu sayen gidan farko.

Abin da ya wuce ni shi ne rangwamen harajin sayen gida da suke kira Stamp Duty. Daga Afrilun 2025, mai sayen gidan farko a Ingila ba ya biyan ko kwabo idan kuɗin gidan bai haura fam 300,000 ba. Ni da na sayi na fam 200,000, sai da na ƙirga wa gwamnati fam 1,500. Akwai kuma asusun Lifetime ISA da aka fara a 2017: ka zuba har fam 4,000 a shekara, gwamnati ta ɗora maka kashi 25 cikin ɗari, muddin gidan farko za ka saya kuma bai wuce fam 450,000 ba. Shi ma sharaɗinsa ɗaya da wancan.

Duk da haka ban ga wannan rangwame a matsayin abin a zo a gani ba. Wanda ya riga ya tara kuɗin kafin alƙalami shi yake amfana, wanda haya ke cinye rabin albashinsa kuwa ko bakin ƙofar bai iso ba. Masu sayarwa ma ba barci suke ba, sun san an sassauta wa mai saye, sai farashi ya ɗan ɗaga. Abin da ya fi burge ni tsohuwar gyara ce ta 2003, lokacin da aka daina karɓar harajin sau biyu a cinikin gida ta hanyar bankin Musulunci, inda banki ke fara saye sannan ya mallaka maka. Wannan ce ta buɗe wa irinmu masu gudun kuɗin ruwa hanya.

Shi ya sa nake murmushi idan na ji 'yan uwa mazauna waje suna cewa a kwaikwayi tsarin a gida. A kwaikwaya wa wa? Yayana malamin makaranta ne. Shekara tara ke nan da ya sayi fuloti a Tumfure da kuɗin adashe, gaban mai unguwa da shaidu, dillali ya karɓi la'adarsa. Shekarar farko katanga ya zagaye don kada a shigar masa. Daga nan duk sanda aka samu sarari sai a buga bulo ɗari biyu, a kira birkila ya ɗora layi uku, a jira wata shekarar. Gini ya kai linta ya tsaya cak a 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000, alhali ga kamfanin siminti na Ashaka a cikin jiharmu. A duk tsawon tafiyar nan babu ranar da za ka nuna ka ce yau ya sayi gida, balle a yafe masa harajin ranar.

Ba wai babu komai a takarda ba. Tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, kuma yana ba da rance a kan ruwa kashi 6, a biya har tsawon shekara 30. Sabuwar dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 na kuɗin hayarsa na shekara, iyaka naira 500,000, daga kuɗin shigar da ake ɗora wa haraji. Amma a aikace mai albashi ne ya fi cin moriyar wannan. Ɗan kasuwar Tudun Hatsi da mai ɗinki a Bolari da wuya su shiga lissafin. Mai albashin ma, rancen yana neman takardar mallaka, kuma da yawa ko an miƙa musu ba za su taɓa bashin ruwa ba.

Takardar nan ita ce wurin da gwamnatin jiha ke da iko na gaske, tunda dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Gombe ta kafa hukumar bayanan filaye, GOGIS, don rajistar filaye ta koma kwamfuta. To a ɗora a kai: duk wanda ya zo da fulotinsa na farko, ɗan madaidaici, wanda zai gina ya zauna da iyalinsa, a yafe masa kuɗin takardar mallakar, wato C of O, da na izinin gini, a yanka masa ranar karɓa. Kada kuma a yi irin ta Turawa a ce mai kason gado ya riga ya mallaki gida, don da haka rabin gari zai fita. Gwamnati kuma ta zuba kuɗi a magudanar ruwa kafin mutane su tare, saboda duk ɗan Gombe ya san yadda kwari ke cin gidan da aka shekara goma ana tarawa a damina guda.

Makon jiya na ba Yaya labarin fam 1,500 ɗin nan a waya. Ya sa na juya masa shi zuwa naira, ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ƙanena, wannan ai ya rufe mini ɗaki biyu da falo." Bandir huɗu na kwano yake nema kafin ruwa ya sauka.