Baƙin Tabo a Fuska: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ƙannena mata. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne halin da na ga wata yarinya ta shiga, wadda na sani tun tana goye. Ana saura wata biyu bikinta wasu 'yan ƙuraje suka fito mata a kumatu, ta matse su, suka bar mata tabo, sai ƙawaye suka haɗa ta da wata mai sayar da man haɗi a ƙaramar roba wadda ko suna babu a jikinta. Ranar biki kam ta yi fes. Amma shekara ba ta zagayo ba sai da kumatunta suka yi duhun da ya ninka na farko, jijiyoyi suka fito raɗau a fuskarta, gaɓoɓin yatsunta suka yi baƙi ƙirin, kuma duk ranar da ta daina shafawa sai fuskar ta ɗau ƙaiƙayi da zafi.

Abu na farko da ya kamata mu fahimta shi ne, baƙin tabo ba datti ba ne, saboda haka ba ya fita da dirza. A cikin fatarmu akwai ƙwayoyin halitta masu samar da sinadarin launi da ake kira melanin, wanda shi ne garkuwar da Allah Ya yi mana daga zafin rana. Duk lokacin da fata ta ji rauni ko ta kumbura, walau ta dalilin ƙurji, ko cizon sauro da aka sosa, ko ƙuna, ko askin gemu da reza, waɗannan ƙwayoyi sukan zuba launi mai yawa a wurin, kuma mu masu duhun fata mun fi kowa fuskantar haka. Ke nan wadda take matse ƙurji da farce, ko take goga lemon tsami da kanwa da man goge baki a fuska, sabon rauni take yi wa fatar, fatar kuma za ta rama da sabon tabo. Lemon tsami ma yana da nasa sharrin na daban, domin idan ruwansa ya haɗu da rana a kan fata yakan ƙona ta.

Akwai kuma duhun da yake shimfiɗuwa a kumatu biyu da goshi da saman leɓe, wanda likitoci suke kira melasma. Yawanci yakan zo wa mata lokacin juna biyu ko lokacin shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, rana tana ƙara shi, kuma sau da yawa yakan ragu da kansa bayan an sauka lafiya. Wani kuma da nake so a kula da shi sosai shi ne baƙin da yake kewaye wuya da hammata, mai kauri da laushi kamar karammiski. Iyaye da dama sukan yi wa yara faɗa a kan ƙazanta saboda shi, alhali kuwa yana iya zama alamar jiki ya fara bijire wa insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, wanda hakan ƙofa ce ta ciwon sukari. Mai irin wannan gwajin jini yake buƙata, da rage ƙiba, ba sabulu mai kaifi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake zubawa a cikin man haɗin nan. Galibi ba ya wuce abu uku. Akwai siteroyid mai ƙarfi, wanda a jikin kwali za a ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Magani ne na gaske da aka yi domin wasu cututtukan fata na ɗan lokaci, amma idan aka mayar da shi man shafawa na kullum yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa mai faɗi wadda ba ta gogewa, ya buɗe ƙofa ga kyasbi da makero, ya hana rauni warkewa da wuri, har ya ratsa cikin jini ya taɓa sukari da hawan jini. Akwai haidirokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafa shi yake haifar da wani duhu mai ratsin shuɗi da ya nutse can cikin fata, kuma wannan yana daga cikin tabon da suka fi gagarar likitoci. Sai makuri (mercury), gubar da take lalata ƙoda da jijiyoyi, take kuma isa ga jaririn da ke ciki da wanda ake shayarwa. Ba a banza ba ƙasar Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Ghana ta hana masu haidirokwinon a 2016, hukumar NAFDAC kuma ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya a 2023. Kada kalmar "na gargajiya ne zalla" ta ruɗe ku: dilka da kurkur ba sa mayar da mutum fari a mako biyu, duk abin da ya yi haka akwai abin da aka ɓoye a cikinsa.

Ba ina cewa a zauna da tabo a rungume hannu ba. Neman maganin tabo daban ne da neman sauya launin da aka haife ki da shi, kuma magani yana nan, sai dai yana tafiya da tsari. A fara da kashe tushen: idan ƙuraje ne a magance ƙurajen, a kuma cire hannu daga fuska. Sannan a kare wurin daga rana da man kariya mai lambar SPF 30 ko sama da haka kowace safiya, a haɗa da lema ko malafa, domin duk maganin da aka shafa ba tare da wannan ba, ranar tsaka za ta warware shi. Daga nan ne ake zuwa ga mayukan da aka tabbatar da amfaninsu, irin su azelayik asid da niyasinamaid da bitamin C, da dangin retinoyid waɗanda ake shafawa da dare, su kuma retinoyid ɗin mai ciki ba ta kusantar su. Shi kansa haidirokwinon likitan fata yakan rubuta shi, amma a kan tabon kaɗai, na 'yan watanni ƙididdigaggu, sannan a tsaya.

Wurin da yawancinmu muke faɗuwa shi ne jira. Fata takan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta samanta, saboda haka ba a yanke wa magani hukunci kafin wata biyu zuwa uku, kuma tabon ƙurji na sama-sama yakan ci wata shida zuwa shekara kafin ya dushe. Su kuwa saɓule fata da sinadari da aikin leza da ake tallatawa a shagunan gyaran jiki, a kan baƙar fata suna iya barin tabon da ya fi wanda aka je cirewa muni idan hannun bai ƙware ba. Ni dai ba zan miƙa fuskata ga wanda ba likitan fata ba domin irin wannan aiki.

Wadda ta riga ta daɗe a kan man haɗi, kada ta ji kunya, kada kuma ta yanke shi rana ɗaya, domin fatar da ta saba da siteroyid takan yi bore. Ta ɗauki robar ta tafi da ita asibiti, ta faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana shafawa, a janye mata shi sannu a hankali. Haka nan duk wanda ya ga baƙin tabo a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, yana girma, ko yana sauya kama, ko yana zubar da jini, to ya bar batun kwalliya ya nufi asibiti a makon nan, domin a waɗannan wurare ne sankarar fata mai suna melanoma ta fi ɓulla a jikin baƙar fata.