Mun kula da kansa, mun manta da ƙashinsa

'Yan uwana matasa, da ku nake, musamman waɗanda Allah ya jarrabi gidansu da mai larurar ƙwaƙwalwar nan da likitoci ke kira sikizofireniya, wadda ke sa mutum jin muryoyin da shi kaɗai ke ji, ko zargin ana ƙulla masa sharri. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 na fama da ita. Kullum tambayarmu ɗaya ce: ya yi barci? Ya daina surutai? Ƙashinsa kuwa babu mai waiwaya, sai ranar da ya zame a banɗaki ƙugu ya karye, a kwashe shi zuwa wurin mai ɗori.

Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. Ginin ya fi ƙarfi daga balaga zuwa wajen shekara 30, kuma abin da aka tara a lokacin shi ne guzurin tsufa. Abin tausayi, a daidai waɗannan shekarun wannan ciwo ya fi kama mutum.

Wasu magungunan ciwon, irin su haloperidol da risperidone, suna ɗaga wani sinadari a jini mai suna furolaktin. Idan ya daɗe a sama, sinadaran mazakuta da na mata sai su ragu, alhali su ne ke tsare ƙashi. Ba kowa yake nuna wa alama ba, amma ga wasu alamunsa: al'adar mace ta ɗauke, ko nono ya riƙa zuba ba ta shayarwa, namiji kuma sha'awarsa ta mutu. Kunya ke hana mu faɗa wa likita. Don Allah kada wani ya ce na ce a daina shan magani, barinsa ya fi komai haɗari. Likita na iya rage shi, ko ya sauya da wani kamar aripiprazole wanda bai cika ɗaga sinadarin ba.

Sai giya, kuma a nan laifin namu ya fi yawa. Wasu marasa lafiyar suna sha ne don muryoyin su lafa, ko barci ya zo. Mu kuma abokai sai mu miƙa masa 'yar leda ko ƙwaryar burkutu, wai tausayi. Wallahi cutarwa ce. Giya na kashe ƙarfin ƙwayoyin da ke gina ƙashi, tana hana hanji tsotsar kalsiyam, sinadarin da ke ba ƙashi ƙarfi, tana lalata hanta, ita kuwa hanta ce ke fara sarrafa bitamin D, mai taimaka wa hanji tsotsar kalsiyam, kafin ya yi amfani. Mashayi kuma ba ya cin abincin kirki. Sai ƙashi ya koma kamar azarar da gara ta cinye, waje lafiya, ciki hoto. Ga maye, ga magani mai sa jiri, faɗuwa ba wuya. Idan aka haɗa da taba sigari, wadda yawancinsu ba sa rabuwa da ita, abin ya ƙara muni.

Amma wanda ya daɗe yana sha da yawa, kada ku tsare shi ku ce yau-yau sai ya bari. Yankewa farat ɗaya na iya jawo karkarwa, farfaɗiya da ruɗewa, har rasa rai. A asibiti ake yaye shi, kuma muna da asibitocin ƙwaƙwalwa: Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kulle mutum a ɗaki, wani har da mari a ƙafa, wata da watanni. Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi zaizayewa yake yi, fatar da ba ta ganin rana kuma ba ta samar da bitamin D. Ku fito da shi da hantsi, ku taka tare zuwa masallaci ko gona. Mai shan Largactil dai, ɗaya daga cikin magungunan ciwon, a kiyaye masa rana mai zafi, don fatarsa na saurin ƙonewa. Ku ba shi nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya.

Ranar komawa asibiti kuma, kai ɗan rakiya ka buɗe baki. Ka faɗi ko yana sha da yawan abin da yake sha, ka faɗi ciwon bayan da yake kuka da shi, ko ka ga ya fara ranƙwafawa, sannan ka tambaya ko ya kamata a auna furolaktin ɗinsa.