Man ja ba ya buɗe maƙogwaro

Ranar Asabar a taron iyaye da malamai na makarantar 'ya'yana, mun kwashe kusan awa biyu ana cacar baki a kan kuɗin mota da launin sabon yunifom. Da aka zo ƙarshe aka ce ko akwai mai ƙarin magana, sai na ɗaga hannu. Na ce, Yallaɓai, idan gobe lokacin tara yaro ya ci wani abu, leɓensa ya kumbura, numfashinsa ya fara sarƙewa, wa zai fara isa kansa, kuma me zai yi masa? Ɗaki ya yi tsit. Can shugaban makaranta ya gyara murya ya ce, "Allah ya kiyaye, Malam. Ai za mu kira iyayensa nan take." Na ce amin. Amma ni ina kasuwa, uwarsu tana wurin aiki, kafin ɗayanmu ya ratso cunkoson gari ya iso, an yi an gama.

Ba don neman magana na yi tambayar ba. Na taɓa koyarwa a wata makarantar kwana ta maza, kuma akwai wata safiya da har yau idan na tuna ta nakan ji kunyar kaina. Ana shara a bayan ɗakunan kwana, wani ya jefi tsamiya, ƙudan zuma suka taso. Yara da dama sun sha harbi, ana ta dariya ana guje-guje. Ɗaya daga cikinsu, ɗan aji biyu, harbi biyu kacal aka yi masa a wuya. Ya zo wurina yana susa, ya ce, "Malam, jikina zafi." Na ce je ka wanke da ruwa, kai ba namiji ba ne? Bai yi taku goma ba ya durƙushe. Ko da na isa kansa idanunsa sun kumbura, fatarsa ta yi ruɗu-ruɗu da borin jini, muryarsa ta dishe, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana busa usur.

Ku ji abin da manya huɗu masu takardun shaidar koyarwa suka yi. Ɗaya ya ruga kicin ya kawo man ja, muka dinga ɗura wa yaron da ko yawunsa ba ya iya haɗiya. Wani ya buɗe akwatin magani ya sami Piriton. Wani ya fara tofi. Ni kuwa, da nake ganin na fi kowa dabara, na ce a tashe shi tsaye ya sha iska, daga nan muka ɗora shi a zaune a kan babur, aka sa shi a tsakiya. Abin da ya taimake mu kawai shi ne asibitin bai kai tafiyar minti biyar ba, kuma mun tarar da wata nas da ta san aikinta. Kallo ɗaya ta yi masa ta fasa kwalbar allura ta soka masa a cinya, ta sa aka kwantar da shi aka ɗaga ƙafafunsa. Bayan ya dawo hayyacinsa ta dube ni ta ce, "Malam, wa ya ce ku zaunar da shi?" Na ce Sista, ni ne. Ba ta ƙara cewa komai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya sami yaron likitoci suna kiransa anafilaksis. Mu borin jini muka sani, wanda mutum zai ci wani abu jikinsa ya yi ƙaiƙayi da tabbai, ya sha magani ya kwanta. To wannan babban yayansa ne. Garkuwar jiki ce take ɗaukar abin da ba guba ba a matsayin abokin gaba, ta saki sinadarai lokaci guda a ko'ina. Maƙogwaro ya kumbura daga ciki, hanyoyin iska na huhu su tsuke, jijiyoyin jini su saki, jini ya daina komowa zuciya yadda ya kamata. Wani likita a Birtaniya ya bi diddigin waɗanda abin ya kashe, ya gano cewa a tsaka-tsaki, daga cin abinci zuwa tsayawar numfashi ko zuciya kimanin minti 30 ne, harbin ƙwaro minti 15, allurar jijiya kuwa minti 5. Ku auna wannan da nisan gidajenku daga makarantar 'ya'yanku.

Maganinsa na farko guda ɗaya ne, allurar adrenalin, a tsokar gefen cinya ta waje. Ita ce take matse jijiyoyin, ta buɗe hanyar iska, ta rage kumburin. Idan bayan minti biyar babu sauƙi, a ƙara ta biyu. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya hana maƙogwaro toshewa, kuma kafin ƙwaya ta narke a ciki lokaci ya tafi. Man ja da madara kuwa, ba abin da suke ƙarawa sai haɗarin shaƙewa. Sai maganar da ta fi ci mini rai: kwanciya. Wanda ke cikin wannan hali a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya ɗan kishingiɗa da ƙafafu a miƙe. Amma kada a tashe shi tsaye, kada a ce ya taka zuwa ofis ko mota, ko da ya ce ya ji sauƙi. An sami mutanen da suka mutu cikin daƙiƙoƙi bayan an miƙar da su, saboda ɗan jinin da ya rage yana zagayawa ya zube ƙafafu, zuciya ta buga babu komai a cikinta. Kuma ko an yi allura ya warware, asibiti dole ne, domin abin yakan sake dawowa bayan wasu awoyi.

Duk wannan da na faɗa bai kai darasin rabin yini ba. Na yi shekaru a kwalejin ilimi ina haddace sunayen masana falsafar koyarwa, ba wanda ya taɓa faɗa mini ko layi ɗaya daga ciki.

Ƙasashen da muke yi wa kallon sun ci gaba ma da gawa suka koya. A jihar Ontariyo ta Kanada, a 2003, wata yarinya 'yar shekara 13 mai matsala da madara ta sayi soyayyen dankali a ɗakin cin abincin makarantarsu. Ta yi tambaya kafin ta saya, amma ana kyautata zaton an ɗebo shi da abin ɗiban da ya taɓa cuku. Da abin ya taso ta ɗauka asmarta ce. Ta rasu. Iyayenta ba su tsaya a kan ta'aziyya ba, suka bi majalisa har aka yi doka da sunanta, Dokar Sabrina, wadda ta fara aiki a Janairun 2006. Ta wajabta wa hukumomin makarantu su horar da ma'aikata a kai a kai, kuma kowane yaro mai irin wannan lalura a rubuta masa takardarsa ta abin da za a yi. A Amurka, Obama ya sa hannu a 2013 a kan dokar da ke ƙarfafa jihohi su ajiye adrenalin a makarantu, har ya faɗa a wurin cewa 'yarsa ba ta cin gyaɗa. Ingila kuma tun Oktoban 2017 ta yarda makarantu su sayi allurar ko-ta-kwana ba tare da takardar likita ba. A shekarar 2017 ɗin ce wani yaro ɗan 13 mai matsala da madara ya rasu a Landan bayan wani ɗalibi ya jefe shi da cuku a wuya. Makarantar ta san lalurarsa, allurarsa tana nan a ajiye, amma wa'adinta ya ƙare da kusan shekara guda, kuma an yi jinkiri kafin a yi masa ita. Wato magani a durowa ba tare da mutumin da ya san lokacin fito da shi ba, kusan daidai yake da babu.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: cutar Turawa ce, mu da muka tashi da kunun gyaɗa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Wani babban bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2015 ya nuna cewa ba jarirai gyaɗa da wuri yana rage kamuwa da wannan matsala sosai, don haka iyayenmu mata ba su yi kuskure ba. Amma zuman da ya harbi ɗalibina bai tambaye shi launin fata ba. Penisilin da Septrin da ake saya a kemis kamar alewa su ma suna tayar da ita. Ga ƙwai, ga kifi, ga madara, ga riɗi, ga waken suya da ake awara da shi. Yaron da gyaɗa ke yi wa illa kuwa, a ƙasar nan yana tafiya ne a kan ƙaya: tana cikin ƙuli-ƙuli, tana cikin yajin tsire, tana cikin kilishi, tana cikin miyar da ba wanda zai faɗa maka me aka zuba. A 2016 gwamnatin tarayya ta fara ciyar da 'yan firamare a makarantu, aka riƙa raba ƙwai da sauransu, amma wace mai dafa abinci aka taɓa ba sunan yaron da bai kamata ya taɓa ƙwai ba? Kuma idan yaro ya faɗi haka, sunan da muke ba abin daban ne. Mu ce asma ce, mu ce farfaɗiya, mu ce iska, musamman a makarantun 'yan mata, inda kafin a tuna da asibiti an tara masu ruƙiyya. Addu'a ba ta hana allura, ana iya yin su tare, a cikin mota ma.

Inda nake rabuwa da masu kwafo tsarin waje kai tsaye shi ne batun allurar kanta. Can suna da EpiPen da ire-irenta, kamar alƙalami, an riga an auna maganin, ka cire murfi ka danna a cinya ko ta kan wando. Mu nan ka zaga kemis goma ba lallai ka samu ba, idan ka samu kuma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin iyaye, ga shi tana lalacewa cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Abin da muke da shi shi ne adrenalin ta ƙaramar kwalba, mai araha, wadda ke cikin jerin muhimman magungunan Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai ita sai an zuƙa da sirinji an auna: rabin mililita ga wanda ya haura shekara 12, 0.3 ga ɗan 6 zuwa 12, 0.15 ga ƙananan da ba su kai 6 ba. Ba zan ce a miƙa wa malamin lissafi sirinji hannunsa na rawa ba tare da horo ba. Amma makarantar kwana mai ɗalibai ɗaruruwa ba ta da hujjar rashin ma'aikacin lafiya da ke kwana a cikinta da wannan kwalba a akwatinsa. Makarantar jeka-ka-dawo kuma ta san asibitin da ya fi kusa, ta je ta tabbatar suna da adrenalin tun kafin ranar buƙata, ta san motar wa za a ɗauka da kuma inda makullin yake.

Horon kuma kada a mai da shi bitar otal, inda za a tura shugaban makaranta da mataimakinsa su karɓi jaka da alawus su dawo. Ba su ne a filin ƙwallo ba. Baba maigadi ne a wurin, da masu dafa abinci, da direba, da matron, da malamin wasanni, da shugabannin ɗalibai, domin da daddare a ɗakin kwana ɗan shekara 17 ne babba. A koya musu da Hausa, a sa su gwada da hannunsu, a maimaita kowane zango saboda malamai suna canjawa. Akwai kuma tsoron da ba a faɗa: malami yana gudun ya taɓa ɗan mutane ya mutu a hannunsa ya kwana a ofishin 'yan sanda. Dokar Ontariyo ta kare ma'aikacin da ya yi taimako da kyakkyawar niyya daga biyan diyya. Muddin ba mu ba malamanmu irin wannan kariya ba, za su ci gaba da tsayawa nesa suna neman lambar uba.

Mu iyaye ma da namu laifin. Fom ɗin shiga makaranta yana tambayar rukunin jini, mu cike, amma mu ɓoye cewa yaron ya taɓa kumbura bayan ya ci kifi, don kada a ce ɗanmu mai lalura ne.

Bayan taron, shugaban makarantar ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ka ɗaure ni a gaban jama'a." Na ba shi haƙuri, na kuma ba shi labarin tsamiyar nan. Mun tsayar da Alhamis ta makon farko bayan hutu, ƙanwar matata da ke aikin jinya za ta zo ta yi musu awa uku kyauta. Ya tambaya ko malamai kaɗai za a tara, na ce a'a, har da Baba maigadi da Hajiya mai sayar da awara a bakin get.