Rufe mahaƙa bai kawar da gubar Arlit ba

Wani labari ya ce tun da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta kamfanin COMINAK da ke Akokan, kusa da garin Arlit a arewacin Nijar, a 2021 matsalar gurɓatar ƙasa ta kau. Ni kam ban yarda ba. Sama da shekara 40 ana haƙar yuraniyom a wurin, aka bar tulin dusar ma'adinin kimanin tan miliyan 20 a sarari. Cire yuraniyom daga dutse ba ya raba shi da guba, domin sinadarin radiyom yana nan cikin dusar, kuma sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Iskar hamada tana kwasar ƙurar ta watsa a lambuna da makiyaya, gubar kuma na iya tsiyaya har ruwan ƙarƙashin ƙasa da garin ya dogara da shi. Rahoton ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace na 2010 ya samu ruwan sha da yuraniyom ɗinsa ya wuce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ga gurɓatattun ƙarafan mahaƙa ana sayarwa a kasuwa. Ga masu cewa Orano, kamfanin Faransa da ya gudanar da mahaƙar, zai lulluɓe tulin da yumɓu da duwatsu, to bayan shekara 100 wa zai riƙa duba lulluɓin nan, kuma da kuɗin wa?