Kurket ɗin mata: mun doke New Zealand amma ƙauyenmu ba wanda ya ji

Ranar 2 ga Nuwamban 2025 da matan Indiya suka ɗauki kofin duniya na kurket, na je gidan kallon garinmu nan ƙasar Ringim na ce wa mai gidan don Allah ya ɗan murɗa mana tashar ko na minti goma. Ya kalle ni ya ce, “Malam, wai wasan sandar nan? Kuma na mata?” Yaran da suka biya kuɗin ƙwallo suka kwashe da dariya. A waya na ƙarasa bibiya, data na ta zuƙewa, har Indiya ta doke Afirka ta Kudu da maki 52 a Navi Mumbai, karo na farko ke nan da suka ɗauka.

Ban ga laifinsa ba fa, abin da mutum bai sani ba ba ya kewarsa. Abin da ke min ciwo shi ne mu ma muna da namu. A Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand da maki 2 a gasar duniya a Maleshiya, zuwansu na farko kuma. Da Super Eagles ne da har a wajen mai shayi sai an kwana ana musu.

Da ka ɗago zancen mata da wasanni a nan abin da za a fara jefo maka shi ne sutura, kuma ni ban raina wannan damuwar ba, ni ma uban 'ya'ya mata ne. To amma ku kalli kurket ɗin tukuna. Dogon wando ake sawa, ba ƙirji da ƙirji, ba mai taɓa wani, ɗaya ta jefo ƙwallo ɗaya ta maka da katako ta ruga, sauran su tare. Pakistan da Bangladesh ƙasashen Musulmi ne kuma duk sun buga gasar 2025 ɗin da Indiya ta ɗauka. A ta 2022 kyaftin ɗin Pakistan, Bismah Maroof, da jaririyarta ta je. Abtaha Maqsood ta Scotland da hijabinta take bugawa. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Inda yake saƙar shi ne lokaci. Yarinya ta taso daga makaranta, tallan awara na jiranta, ga ɗiban ruwa, ga Islamiyya da yamma, ga goyon ƙani, yaushe za ta riƙe wani katako? Filin firamare kuwa samari sun mamaye shi da ƙwallo tun la'asar har magariba. Akwai 'yar maƙwabcinmu, shekarunta ba su wuce 11 ba, na sha ganinta tana jifan mangwaro, dutse ɗaya take sakowa da nunanne daga can ƙololuwa, mazan ma ita suke roƙo. Shafali Verma, wadda ta ci wa Indiya maki 87 a wasan ƙarshen nan, sai da aka rage mata gashi ta saje da maza kafin ta samu wurin atisaye tana ƙarama.

Ni ba filin wasa na biliyoyi nake nema ba. Makarantun kwana na 'yan mata da muke da su a Jigawa da Kano akwai katanga, akwai fili, akwai malamai mata. Katako biyu, ƙwallon tanis, sanduna uku a kafe a kowane gefe, sai malama ɗaya da aka tura kwas na sati biyu. Kamata ya yi hukumar kurket ta Najeriya ta fara da makaranta biyar kawai, mu ga hannun yaran nan bayan zango ɗaya.