Gwanina Wang Hao ne, ko da zinaren bai zo hannunsa ba

Ran Asabar da la'asar na tsaya a wani teburin tanis a Tudun Wada, irin na falankin nan da ake gitta katako a tsakiya a maimakon raga. Wani yaro da bai wuce shekara 12 ba ya ɗauki bat, ya maƙale ƙotar tsakanin babban yatsa da manuniya, kan bat ɗin yana kallon ƙasa, kai ka ce ɗan makarantar allo ne zai yi rubutu. Mai teburin ya daka masa tsawa: "Kai, riƙe shi kamar mutane mana! Cokali aka ba ka?" Yaron ya ce, "Kawu, wallahi a haka na fi jin daɗinsa." Ya dai gyara don kada a hana shi wasa, aka kuwa lallasa shi 11 da 3.

Ban ga laifin Kawu sosai ba. Duk wanda ya tashi yana kallon Segun Toriola da Aruna Quadri riƙon musabaha ya sani, wato a damƙi ƙota kamar za a gaisa da mutum. Amma da ya san cewa cikin zinare shida na farko da maza suka ci a wasan ɗaiɗai na Olamfik, huɗu masu riƙon alƙalami irin na yaron nan ne suka kwashe, da ya sassauta murya. Yoo Nam-kyu na Koriya ta Kudu a 1988, Liu Guoliang na Sin a 1996, Ryu Seung-min a 2004, sai Ma Lin a 2008.

Wanda na fi so a cikin masu wannan riƙo ba ya cikin huɗun nan. Wang Hao ne na Sin, mutumin da ya kai wasan ƙarshe na Olamfik sau uku a jere, a Atina da Beijin da Landan, ya koma gida da azurfa duk sau ukun.

Ga dalilina. Riƙon alƙalami na gargajiya fuska ɗaya yake amfani da ita. Wuyan hannu yana sakewa, don haka sabis da ƙananan ƙwallaye a bakin raga sai yadda ka ga dama. Matsalar tana ɓangaren bayan hannu: in aka turo maka ƙwallo can, iyakarka ka tare, ko kuma ka zagaya da gudu ka buga da gaba. Shi ya sa Ryu Seung-min yake wasa kamar wanda ya taka garwashi. Ƙafa ce jarinsa. Ranar da ya doke Wang Hao 4 da 2 a Atina, da ƙafar nan da ƙarfin zuciya ya yi, kuma har gobe ina sara masa. Sai dai salo ne mai cin jiki, ga shi a 2000 an ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40, gudunta ya ragu, musayar bugu ta ƙara tsawo. Wanda ke da rami a gefe guda, sai a yi ta haƙa masa shi.

Liu Guoliang ne ya fara jarraba bayan bat ɗin a manyan gasanni, yana ɗan taɓawa jefi-jefi. Wang Hao kuwa gida ya gina a wurin. Ya daina tarewa irin ta da, yana karya wuyan hannu ya sharɓo ƙwallo da bayan bat, ta tafi tana juyi tana karkacewa gefe. Ramin da aka saba haƙa wa masu alƙalami shi ya koma inda ake tsoro. Da shi ya ci kofin duniya sau uku, da shi kuma ya share Wang Liqin 4 da nema ya zama zakaran duniya a Yokohama a 2009.

Na san abin da abokan musu za su ce. Xu Xin na Sin, shi ma mai riƙon alƙalami, ya fi daɗin kallo. Bahagon nan zai ja baya nesa da tebur ya lanƙwaso ƙwallo ta gefen raga har alƙali ya saki baki. Gaskiya ne, in nishaɗi nake so shi nake nema a YouTube. Ma Lin kuma ya fi wayo, ga kofin duniya huɗu, ga shi shi ne ya hana Wang Hao zinaren Beijin. Wasu ma cewa suke Wang Hao ba shi da zuciya, sai an zo gaci jirginsa ke nutsewa. Na Atina kam na yarda tsoro ya taka rawa, yana ɗan shekara 20 duk nauyin Sin a kansa. Amma tsayawa a sama shekara takwas, a ƙasar da samun gurbin zuwa Olamfik kansa yaƙi ne, ba aikin rago ba ne.

Abin da ya fi ja na shi ne wa ake kwaikwayo yau. Sabis ɗin Ma Lin baiwa ce, tsawon hannun Xu Xin halitta ce, ba a koyar da su. Bugun Wang Hao kuwa ana koyar da shi. Dang Qiu na Jamus da shi ya zama zakaran Turai a 2022. Felix Lebrun, ɗan Faransa mai tabarau, da shi ya ci tagulla a Faris a 2024 yana ɗan shekara 17, bayan ya doke Hugo Calderano na Barazil. Wanda ya tare wa Lebrun hanya a wasan kusa da na ƙarshe shi ne Fan Zhendong, mai riƙon musabaha, kuma kocin da ke zaune a bayansa har ya ɗauki zinaren shi ne Wang Hao ɗin dai.

Kafin in bar teburin na kira yaron gefe na duba bat ɗinsa. Bayan katako ne zalla, robar ta ɓare tuntuni, wurin har ya yi sulɓi saboda yatsu. Na nuna masa Lebrun a waya, ya kalla sau biyu bai ce uffan ba. Can ya ɗago ya ce, "Yaya, nawa ake sayar da robar baya a Kasuwar Barci?"